Malam Mai Ƙararrawa: Tarihin Eddie Robinson na Grambling

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga, ta bi ta Shagari ta nufi Tambuwal, ya san abin da zan faɗa. In la'asar ta yi sanyi za ka hangi yara a filin makaranta sun tada ƙura, ƙwallo ɗaya ƙafafu wajen arba'in, an kafa itace biyu an ce raga ce. Can gefe kuma ga wani bawan Allah da usur rataye a wuya, wando ya sha ƙasa, yana ta ɗaga murya ba mai sauraren sa. To, shi ne malamin wasanni. A ɗakin malamai shi ne na ƙarshen samun kujera, in kuma ana rabon kuɗin aiki nasa ake fara yankewa. Mu kanmu da muna ɗalibai ba mu ɗauke shi cikakken malami ba, gani muke wanda ya kasa lissafi da Turanci ne aka ba shi ƙwallo ya riƙe. Allah ya yafe mana.

Abin mamaki, ba haka manyanmu suka taso ba. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, gwani ne a wasan nan na fives da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, tun yana Kwalejin Katsina, kuma har ya zama Firimiya bai raina wasan ba. A makarantun wancan zamani fili da aji tafiyarsu ɗaya. Daga baya ne muka raba su, muka ce wannan ilimi ne wancan kuwa shiririta.

Shi ya sa na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihin wani malamin wasanni daga nesa, can ƙasar Amurka, baƙar fata ɗan talakawa, wanda ya kama aiki a wata makarantar ƙauye da ba ta fi tamu gata ba, ya zauna a cikinta shekara 56 bai motsa ba. Sunansa Eddie Robinson. Don ka gane tsawon wannan zama, duba nan: shekarar da ya fara aiki, wato 1941, ita ce shekarar da marigayi Shehu Shagari ya shiga Kwalejin Kaduna yana yaro ɗan shekara 16. Shagari ya gama, ya yi malanta, ya shiga siyasa, ya yi minista, ya zama shugaban ƙasa a 1979, sojoji suka hamɓarar da shi a ƙarshen 1983, duk Robinson yana nan a fili ɗaya da usur ɗinsa. Sai a 1997, zamanin Abacha, ya ajiye.

Kafin mu yi nisa bari in warware wani abu. Ƙwallon da ake magana a nan ba irin tamu ba ce. Ƙwallon Amurka mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗauka a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa, abokan hamayya kuwa su yi ta ƙoƙarin kayar da mai ɗauke da ita. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kowa da hular kwano da matasai a kafaɗa, in ka gan su sai ka ce 'yan lifidi ne. A cikinsu akwai wanda zan kira madugu, shi ne yake karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanci fili, ya yanke shawarar inda za ta. Riƙe wannan madugun a ranka, za mu dawo kansa. Ɗan ƙasarmu ma ya taɓa yin suna a wasan, Christian Okoye mutumin Inugu, wanda ya buga wa Kansas City Chiefs daga 1987 zuwa 1992. Abu na biyu, a Amurka wasan jami'o'i ba ƙaramin al'amari ba ne. Ba kamar gasar NUGA tamu ba da ake yi a gama rabin gari bai sani ba. Can filin wasan wata jami'ar yana ɗaukar mutum dubu ɗari, kuma daga nan ne manyan kulob suke ɗibar 'yan wasa.

An haifi Robinson ranar 13 ga Fabrairu 1919 a wani ƙaramin gari mai suna Jackson a jihar Louisiana, kudancin Amurka. Mahaifinsa manomi ne mai noma gonar wani a raba amfani, mahaifiyarsa kuwa aikatau take yi a gidajen Turawa. Ya tashi a birnin Baton Rouge, ya yi karatu a wata ƙaramar kwalejin baƙar fata mai suna Leland, inda shi kansa ya yi madugun ƙungiya. Da ya gama bai samu aikin koyarwa nan take ba, sai ya shiga leburanci a wani injin niƙa abincin dabbobi. Yana nan yana shan ƙura labari ya iske shi cewa wata makaranta a arewacin jihar tana neman mai horar da 'yan wasa.

A lokacin makarantar ko sunan Grambling ba ta ɗauka ba tukuna, sai a 1946. Wurin horar da malamai ne da koyar da sana'a ga 'ya'yan baƙar fata, domin dokar jihar ta hana su zama aji ɗaya da farar fata. Shugabanta, Ralph Waldo Emerson Jones, shi ya ɗauki Robinson yana ɗan shekara 22, a kan albashin dala 63 da santi 75 a wata.

To, a nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya. An ce an ɗauke shi koci, amma me ya tarar? Ba mataimaki, ba ma'aikacin fili, ba malamin asibiti. Shi zai yanke ciyawa, shi zai zana layukan fili da farar ƙasa, shi zai ɗaure wa yara ƙafa in sun gurɗe. In an tafi hutun rabin lokaci, maimakon ya huta, shi ne kuma mai kula da faretin 'yan mata da suke nishaɗantar da 'yan kallo. In an tashi wasa ya zauna ya rubuta labarin yadda aka yi ya aika wa jaridu, don in bai rubuta ba babu ɗan jaridar da zai tako ƙauyen baƙar fata. Ƙwallon kwando ma shi ne kocinta. Ranar da za a tafi wasa wani gari kuwa, sai ya tanadi burodi da abin sawa a ciki tun daga gida, saboda gidajen abincin da ke kan hanya ba sa sayar wa baƙar fata. Wallahi duk malamin wasannin da ya taɓa cire kuɗi daga aljihunsa ya sayi ƙwallo, ko ya roƙi mai a-kori-kura ya kai masa yara gasa daga Bodinga zuwa Sakkwato bashi, zai gane wannan mutum ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Shekarar farko ba ta yi kyau ba, wasa uku kacal suka ci. Amma a 1942 sai ga abin al'ajabi: ba wanda ya doke su, kai, ba ma ƙungiyar da ta samu ko maki ɗaya a kansu har kakar ta ƙare. Ana cikin murna sai Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari, aka dakatar da wasa a 1943 da 1944. Robinson bai tafi neman wani aiki ba, sai ya koma horar da yaran sakandaren garin. A wannan lokacin ne ake ba da labarin wani uba da ya zo ya janye 'ya'yansa daga fili, ya ce auduga ta nuna a gona, babu wasa sai an tsince ta. Yaran kuwa su ne ƙashin bayan ƙungiya. Wani kocin da sai ya tsaya yi wa dattijo lacca a kan muhimmancin wasanni. Shi kuwa sai ya kwashi ƙungiyar gaba ɗaya suka shiga gonar, aka tsince audugar, uba ya saki 'ya'yansa. Wanda ya taɓa koyarwa a ƙauye lokacin girbin gero, ya ga yadda aji yake komawa rabi, ba ya bukatar a yi masa bayanin hikimar da ke cikin wannan.

Akwai kuma maganar ƙararrawa. Robinson yana da wata ƙararrawa irin wadda ake rataya wa saniya, kullum da asuba sai ya bi ɗakunan kwanan 'yan wasansa yana kaɗa ta. Ba don atisaye yake tada su ba, don su karya kumallo su tafi aji ne. Yana koya musu sa kwat da ɗaura lakataye, da yadda ake gaida manya, da yadda ake zama a teburin cin abinci. Shi da kansa bai tsaya ba, ya koma karatu har ya samu digiri na biyu a Jami'ar Iowa a 1954. Dalilinsa a fili yake. Ya san cikin yara ɗari da ke hannunsa ƙalilan ne za su ci abinci da ƙwallo, sauran kuwa da takardar shaida za su nemi na kansu, a ƙasar da ko da takardar ma sai baƙar fata ya yi ninki biyu na ƙoƙarin wani. A ganina wannan ƙararrawa ta fi duk kofunan da ya ɗauka.

Kofunan ma ba kaɗan ba ne. Sau 17 Grambling ta ɗauki kambun gasar yankinsu ko ta raba shi da wata a ƙarƙashinsa. A 1949 wani yaronsa, Paul Younger, wanda ake yi wa laƙabi da Tanka saboda yadda yake tafiya da mutane, ya shiga kulob ɗin Los Angeles Rams, ya zama na farko daga makarantun baƙar fata da ya shiga babbar gasar ƙwararru ta NFL. Da ƙofa ta buɗe sai aka yi ta shiga. Willie Davis, Buck Buchanan, Willie Brown, Charlie Joiner, dukansu huɗu sunayensu suna cikin zauren da ake karrama gwanayen wasan na har abada. Jimilla sama da mutum 200 ne suka fita daga hannunsa zuwa wasan ƙwararru, daga wani ƙauye da in ba ka lura ba sai mota ta wuce da kai.

Baya ga horarwa, Robinson ya daɗe yana riƙe da kujerar daraktan wasanni na makarantar, wato shi ne mai kula da kasafin kuɗi, da tsara wa za a kara da shi, da nemo abin da za a ciyar da sauran wasanni. Wannan fannin ba a cika yaba masa a kai ba, alhali a nan ne wayonsa ya fi fitowa. Shi da shugaba Jones da jami'in yaɗa labaransu, Collie Nicholson, sun lura cewa garinsu ba shi da jama'ar da za ta cika fili. Suka ce to, in jama'a ba za ta zo ba mu sai mu je mata. Suka riƙa ɗaukar ƙungiya da 'yan badujalarta suna yawo da su manyan birane inda baƙar fata suka yi ƙaura. A 1968 suka kara da Morgan State a filin Yankee da ke New York, fili ya cika maƙil. A 1974 aka mai da karawarsu da Jami'ar Southern wani babban biki na shekara-shekara a New Orleans mai suna Bayou Classic, wanda har yau ana yi. A 1976 har Tokyo ta ƙasar Japan suka je suka buga. Kuɗin ƙofa ya shigo, suna ya tafi, ɗalibai suka ƙaru.

Sai dai kada in yi ta zuba yabo kamar maroƙi. Ba kowa ne ya ji daɗin wannan tafiya ba. A 1967 ɗaliban Grambling da kansu sun yi zanga-zanga, suna kukan cewa makarantar ta fi ba ƙwallo muhimmanci a kan karatu, har sai da aka turo dakaru. Haka kuma a shekarun da baƙar fata suke kan titi suna neman 'yancinsu, wasu matasa sun ga Robinson ya cika sanyi, ba ya fita maci, ba ya zagin hukuma, kullum maganarsa shi ɗan Amurka ne kamar kowa kuma aiki zai fid da shi. Ni dai ba zan yanke hukunci a nan da gaggawa ba. Makarantar gwamnatin jiha ce, masu riƙe da lalitar kuwa su ne masu wariyar. Mutumin da ke da 'ya'yan mutane ɗari a hannunsa ba ya magana kamar wanda ba shi da kowa. Amma su ma matasan ba ƙarya suka yi ba, domin ba haƙuri kaɗai ne ya kawo dokar 1964 da ta haramta wariya ba, sai da wasu suka sha duka da ɗauri.

Yanzu mu koma kan madugu. A wancan zamani masu kulob sun yarda baƙar fata yana da gudu da ƙarfi, amma sun ƙi yarda yana da kan da zai jagoranci ƙungiya. In yaro ya yi madugu a jami'a, da ya zo wurinsu sai su canza masa gurbi. Wannan raini ya tsaya wa Robinson a rai, ya sa kansa aikin fito da madugun da ba za a iya kawar da kai daga gare shi ba. Na farko shi ne James Harris, wanda ya buɗe kakar 1969 a matsayin madugun Buffalo Bills. Na biyu shi ne Doug Williams. Ranar 31 ga Janairu 1988, a wasan ƙarshe na Super Bowl, wanda Amurka duka take tsayawa ta kalla, Williams ya jagoranci Washington suka lallasa Denver da ci 42 da 10, aka zaɓe shi gwarzon wasan. Shi ne baƙar fata na farko da ya yi madugu ya ɗauki wannan kofi. Daga ranar bakin masu cewa ba a iyawa ya mutu.

Kafin wannan, ranar 5 ga Oktoba 1985 a birnin Dallas, Grambling ta doke Prairie View, nasara ta 324 ke nan ga Robinson. Da ita ya wuce Paul Bryant na Jami'ar Alabama, Bature, wanda ya tsaya a 323, ya zama kocin jami'a mafi yawan nasara a tarihin wasan zuwa lokacin. Mu a nan hankalinmu yana wani wuri, don watanni biyu kafin nan ne yaranmu 'yan ƙasa da shekara 16 suka ɗauko kofin duniya a ƙasar Sin. Wasu a Amurka sun yi ta gunaguni, wai ai da ƙananan makarantu ya kara. Suka manta cewa shekaru da yawa manyan ne suka ƙi yarda su haɗa fili da shi.

Ga kuma inda labarin yake da ɗaci. 'Yancin da aka samu shi ne ya rage wa Grambling ƙarfi. Daga farkon shekarun 1970 manyan jami'o'in kudu irin su Alabama da LSU suka fara ɗaukar baƙar fata. Yaron da a da ba shi da wurin zuwa sai wajen Robinson, yanzu ga masu kuɗi a ƙofar gidansu da alkawarin fili mai kyau da fitowa a talabijin. Wa zai ga laifin yaro? Robinson bai taɓa cewa a koma gidan jiya ba, amma yana ji yana gani gwanaye suka riƙa wuce shi. Mun san irin wannan a nan gida: makarantar ƙauye ta raini yaro tun yana buga ƙwallon tsumma, ranar da ya fara haske sai birni ta ɗauke shi, ba ko sannu.

Duk da haka ya ci gaba da cin wasa har cikin shekarun 1990, ya kai nasara ta 400 a 1995. Amma tsufa ya riga ya kawo jiki. Kaka uku a jere, 1995 da 1996 da 1997, rashin nasararsa ya fi nasara yawa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. A ƙarshen 1996 hukumar makarantar ta nemi ya sauka. Jama'a suka yi caa, suka ce ba a yi wa dattijo haka, aka bar shi ya ƙara shekara ɗaya. Shekarar ba ta gyara komai ba, wasa uku ya ci cikin goma sha ɗaya, na ƙarshen ma a Bayou Classic Southern ce ta yi galaba. Ni a nawa ra'ayin da ya sauka tun yana kan ganiya da ya fi masa, amma faɗa ne mai sauƙi ga wanda bai ba wuri ɗaya shekara hamsin na rayuwarsa ba. Ina zai je? Mutumin da yakan yi alfahari da cewa aiki ɗaya ya taɓa riƙewa, mata ɗaya kuma ya taɓa aura. Doris ke nan, wadda suka yi aure a 1941, shekarar da ya kama aiki. Na san wasu 'yan'uwana a nan za su ce wannan na biyun ba abin alfahari ba ne, to wannan tsakaninku da iyalanku.

Ya ajiye usur yana da shekara 78, da nasara 408, rashin nasara 165, kunnen doki 15. Wanda ya gaje shi a 1998 ba baƙo ba ne, Doug Williams ne, yaronsa. A 2003 wani koci mai suna John Gagliardi ya wuce shi a yawan nasara. Lokacin nan cutar mantuwa ta riga ta fara cin Robinson, mutumin da aka san shi da riƙe sunayen tsofaffin ɗalibansa da na iyayensu.

Ya rasu ranar 3 ga Afrilu 2007 a garin Ruston, maƙwabcin Grambling, yana da shekara 88. Gwamnatin Louisiana, wadda dokarta ta hana shi shiga babbar jami'ar jihar yana saurayi, ita ce ta sa aka kai gawarsa zauren majalisar jiha a Baton Rouge. Tsofaffin 'yan wasansa, wasu da furfura wasu da sanda, suka zo cikin kwat da lakataye suka bi layi tare da sauran jama'a. Bayan kwana biyu aka mai da shi Grambling aka binne shi.